Sarkin tasha na cikin salula

Gidan Rumji tana bisa babbar hanya, tsakanin Maraɗi da Birnin Ƙwanni. A tashar mota akwai sarkin tasha. Shi ke faɗin motar da za ta yi lodi da wadda za ta jira. In babu shi, sai rikici.

Cikin kowace salula da kowace kwamfuta akwai mai irin wannan aiki. Ba mutum ba ne, manhaja ce, watau umurnin da aka rubuta ma na'ura. Sunanta babbar manhaja, da Faransanci kuwa système d'exploitation. Ita ke raba ma ƙananan manhajoji lokacin aiki da wurin ajiya.

Babbar manhaja iri-iri ce. Windows ta fito a 1985, ita ce aka fi gani cikin kwamfutocin ofis. A 1991 wani ɗalibi na ƙasar Finland, Linus Torvalds, ya fara Linux. Kyauta ce, kowa yana iya ɗauka ya gyara. Bisa Linux aka gina Android, wadda ta shiga salula a 2008.

Akwai kuma kwamfutocin nesa. In manomi ya aika ma ɗansa da ke Kano saƙon murya, saƙon yakan bi ta manyan kwamfutoci na wata ƙasa kafin ya isa. Yawancin irin waɗannan kwamfutoci da Linux suke aiki.

Babbar manhaja tana tsufa. A watan Oktoba na 2023, WhatsApp ta daina aiki cikin salular da Android ɗinta ba ta kai lamba 5 ba. Ran 14 ga Oktoba 2025, kamfanin Microsoft ya tsaida kulawar da ya saba yi ma Windows 10. Na'urar tana kamawa, amma ta zama kamar rumbun da aka bar yaɓe: ɓarayin intanet suna samun kafar shiga.

Yanzu aiki yana ta komawa kwamfutocin nesa, salula tana zama ƙofa kawai. Amma ƙofar ba ta buɗuwa sai da rezo da wuta. Don haka a ƙauye, manhajar da ke aiki ko babu rezo ta fi amfani. Tsohuwar kwamfuta ma ba abin yarwa ba ce. Sau da yawa in an sa mata Linux, sai ta ci gaba da aiki. Mai sayen tsohuwar salula kuma ya duba lambar Android ɗinta kafin ya biya kuɗi.

Tambayoyi

1. Mene ne aikin babbar manhaja?
2. Wa ya fara Linux? A wace shekara?
3. Don me aka kwatanta tsohuwar manhaja da rumbu?
4. Ku duba lambar Android ta wata salula a gida, ku rubuta ta cikin littafinku.