Darasin Wannan Wata: Rubutun Nan Mai Ƙayoyi

Sau da yawa ɗalibin yaƙi da jahilci a Rurum ko Kibiya yakan iya karanta wasiƙa tsaf, amma a miƙo masa katin ɗaurin aure ko takardar shaida, sai layin farko ya gagare shi. Haruffan baƙaƙe ne wuluk, masu kauri, a tsuke kamar shingen kara, ga ƙayoyi sama da ƙasa. Wani har yakan zaci karatun ne bai zauna ba. To, ba laifinsa ba ne. Ko masu digiri sukan tsaya su ƙura ido.

Sunan wannan rubutu Gotik, masu ɗab'i kuma suna ce masa Old English. Asalinsa rubutun hannu ne na malaman Turai tun wajen ƙarni na 12. A kan fata suke rubutu a lokacin, fata kuwa da tsada, saboda haka suka riƙa matse haruffa don shafi ya ɗauki magana da yawa. Alƙalaminsu mai faɗin baki ne. Duk wanda ya taɓa fiƙe alƙalamin kara ya rubuta allo ya san yadda abin yake: ja ƙasa ya fito da kauri, karkata hannu ya fito siriri. Da Gutenberg ya buga littafin Baibul da injinsa a garin Mainz na Jamus wajen 1455, irin wannan rubutu ya kwaikwaya. Jamusawa sun riƙe shi a littattafai da jaridu har 1941, lokacin da gwamnatin Hitila ta hana. Yanzu sai a wurin ado, kamar sunan jaridar New York Times ta Amurka.

Ga dabarar karanta shi. A bar manyan haruffa tukuna, domin su ne suka fi lauje-lauje. A fara da ƙanana, a ƙirga sandunan: n biyu, m uku, u biyu amma a haɗe ta ƙasa. In an gane sauran kalmar, harafin farko zai fito da kansa.

Mai kai aikin kati Rano ko Kano kuwa ya kula. Kanun kati kaɗai ya dace da wannan ado. Rana, lokaci, wuri da sunayen ango da amarya a sa su da rubutu sarari, kada a kira mutane Asabar su zo Lahadi. Kada a yarda a jera manyan haruffan Gotik zalla, ba mai iya karantawa. Kuma yawancinsa ba shi da ɓ, ɗ da ƙ, sai ƙofa ta koma kofa, ɗaki ya koma daki.

Aiki: kowane ɗalibi ya zo aji da tsohon kati ɗaya, ya kwafe layin farko da rubutun da ya saba.