Kwana ɗaya a babban otal bayan kaka

Wani manomi daga Bakori ya rubuto mini cewa bana masara ta yi albarka, ya kai kasuwar Dandume ya sayar, yanzu yana son kai uwargida Kano su ci abincin manya su kwana ɗaya. Abin da ke damunsa, kada a yi musu kallon 'yan ƙauye.

Malam, ba wanda ya taya ka huɗa, kuɗin guminka ne. Sai dai ka tafi da idonka buɗe.

Ku fita da sassafe ta Malumfashi, Dayi, Gwarzo. Kada dare ya riske ku a hanya. A Kano akwai Tahir Guest Palace da Prince Hotel a unguwar Nasarawa, da Bristol Palace wajen Farm Centre, kowanne da ɗakin cin abinci da ɗakunan kwana. Buga waya tun kana gida, ka tambaya ko kuɗin da suka faɗa har da haraji. Tun 2020 harajin VAT kashi 7.5 ne cikin ɗari, wasu wuraren kuma suna ɗora ladan hidima a kai. Tambayi karin kumallo ma, ko yana ciki. Riƙe katin shaidarka, za a nema.

A teburi ne ake jin kunyar da ba ta da dalili. Idan an miƙo maka takardar abinci ka ga sunayen da ba ka sani ba, kira mai hidima ya yi maka bayani, aikinsa ke nan. Ni kaina na taɓa nuna wani suna da yatsa don kada a raina ni, aka kawo mini yankan nama da jini-jini a tsakiya, na biya kuɗin da zai sayi tsiren unguwa guda, na kwana da yunwa. Ce musu a gasa shi sosai. Batun wuƙa da cokali mai yatsu kuwa, Turawa da hagu suke kai loma. Kai yanyanka namanka tukuna, ka ajiye wuƙar, ka ci da dama. Shawarata, ku bar tuwo da miyar kuka, uwargida ta fi su iyawa. Ku gwada abincin Labanawa ko na Sin, abin da ba ku saba ci a gida ba.

Lemo da gyaɗar da ke cikin ƙaramin firjin ɗaki, a yawancin otal ba kyauta ba ne, ana lissafa su da safe. Galibi kuma ƙarfe 12 na rana ake sallamar ɗaki, wanda ya wuce sai ya ƙara kuɗi.

Kafin ka ɗauko ko sisi, ware kuɗin taki da irin baɗi ka ba wanda ba zai ba ka ba ko ka roƙe shi. A gaida Hajiya, Allah ya kiyaye hanya.