Yadda Ake Hawa Lilon Waltzer Ba Tare da Jiri Ya Kayar da Kai Ba

Duk watan Oktoba masu yawo da kayan wasa kan yada zango a bikin Hull na Ingila, kuma cikin lilon da aka fi yi wa layi akwai Waltzer, wanda ya fito tun shekarun 1930. Dandamali ne mai zagayawa, yana hawa yana gangarowa, a kansa kujeru masu dogon baya kowace tana juyi a kan gindinta, ga samari ma'aikata suna takawa a tsakani suna wulwula su da hannu. Mai niyyar hawa ya fara sanin cewa jirin daga kunne yake tasowa. A can cikin kowane kunne akwai 'yan bututu uku masu lanƙwasa cike da ruwa, su ke sanar da ƙwaƙwalwa motsin kai. Idan labarinsu ya saɓa da abin da ido ke gani, sai zuciya ta tashi.

Saboda haka dabarar duka a kai take. Da ka zauna, ka janyo ƙarfen da ke tare cinya, ka girgiza shi ka tabbatar ya kama. Sannan ka manna ƙeyarka da bayan kujera, ka bar ta a nan har a gama. Kada ka sunkuya duba waya, kada ka waiga neman abokinka, domin karkata kai ana cikin juyi yana sa ruwan ya motsa a wani bututun da ba ya cikin juyin, sai ka ji kamar kana wuntsilawa alhali kana zaune. Wannan na cikin abubuwan da suka fi kawo amai. Fitilun da ke wucewa a guje ka ƙyale su.

Wani zai ce ai mafita ita ce a hau da yunwa, tunda cikin da babu komai ba ya amai. Hujjar ba ta da ƙarfi: yunwa ba ta hana kunne da ido saɓani, sai ma ta ƙara maka kasala. Ka ci abu kaɗan mara maiƙo, ka ba shi lokaci ya faɗa. Mai juna biyu da mai ciwon zuciya ko wuya ko baya kuwa, babu dabarar da ta shafe su, su tsaya a ƙasa.

Lilon yana tsayawa kada ka zabura. Ruwan kunnen bai tsaya ba tukuna, kamar ruwan ƙwarya da ke ci gaba da kewaya bayan an daina kaɗa shi. Ka jira a ɗaga ƙarfen, ka kalli wani abu da ke tsaye a nesa, ka riƙe gefen kujera ka miƙe a hankali, domin dandamalin da za ka taka ba a baje yake ba.