Darasin Mako: Kowane Taro da Turkensa

Darasinmu na wannan mako ya shafi ƙungiyar mawaƙa da makaɗa, amma duk mai shugabantar taro zai ƙaru da shi. Tambayar ita ce: yaya shugaba zai yi idan an taru don gyara waƙa, sai hira ta koma ƙwallon Ingila ko musun wane mawaƙi ya fi kuɗi? Lokacin da ƙungiyoyi ke samu bayan tashi kaɗan ne. In ya tafi a surutu an yi taron tsintsiya ba shara, ranar yaye ɗalibai kuwa a ji kunya a gaban iyaye.

Abin da waƙa ta koya mana

Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero, Kano, yana kiran babban saƙon waƙar baka da sunan turke. Mun san turke a gida: dabba tana zagayawa iya tsawon igiyarta, amma ba ta ɓacewa. Ku saurari Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999. Yana cikin yabon gwarzonsa sai ya ratsa da habaici ko labarin wani gari da ya je, 'yan amshi su dawo da gindin waƙa, kalangu bai saki kiɗa ba. Ratsewar tana ƙara armashi ne domin akwai wurin dawowa. Haka taro yake. Ajanda ita ce turke, shugaba kuma shi ke riƙe da igiya.

Ko manya ba su fi ƙarfin wannan ƙa'ida ba. A Lugard Hall, inda Majalisar Dokokin Jihar Kaduna ke zama, ana bin takardar ayyukan ranar ne. Ɗan majalisar da ya saki layi, wani zai iya miƙewa ya ja hankalin Kakaki, Kakaki kuma ya yanke hukunci.

Sakin layi iri uku ne

Na farko mai amfani. Ana maganar amshi sai wani ya ce fatar ganga ta saki. Wannan ya shafi aiki, sai dai ba lokacinsa ba ne. Sakatare ya rubuta, a dawo kansa.

Na biyu marar lahani, kamar barkwanci da labarin ƙwallo. A bari a yi dariya minti ɗaya, domin ƙungiyar da ba a raha cikinta mutane guduwa suke yi. Daga nan a koma aiki.

Na uku shi ne mai haɗari: gori, zagin wani, ko musun addini, ƙabila da jam'iyya. Wannan ba a jira ya yi nisa. Iyayenmu sun ga abin da rikicin 2000 da na 2002 suka yi wa garin nan, har jama'a da dama suka sauya unguwa, wasu suka ƙetare Kogin Kaduna zuwa kudu, wasu suka yo arewa. Ƙungiyar waƙa tana cikin wuraren da ɗan Unguwar Rimi da ɗan Kawo, Musulmi da Kirista, ke haɗa murya ɗaya. Magana kuwa zarar bunu ce.

Matakai biyar ga shugaba

1. Rubuta ajanda a allo kafin kowa ya zauna, batutuwa uku sun isa, kowanne da mintocinsa.
2. Ware minti biyar na ƙarshe don sauran batutuwa. Wanda ya san za a saurare shi an jima ba ya jin zafin dakatarwa.
3. Dakatar da maganar ba tare da ka muzanta mai ita ba. Ka ce, “Mun ji, Malama Sakatariya ta rubuta, yanzu mu ƙarasa baiti na biyu.”
4. Doka ɗaya ga kowa. In ka tsawata wa ɗan aji ɗaya ka ƙyale abokinka na aji shida, gobe ba mai jin maganarka.
5. Wanda ya maimaita, ka same shi a keɓe bayan taro. In ya ƙi ji, a kai wa malamin da ke kula da ƙungiya.

Mu mambobi ma da namu nauyin. Kafin ka ɗaga hannu, tambayi kanka: maganar nan za ta gyara waƙar da ke gabanmu?

Aikin gida

Ku saurari waƙar baka guda ɗaya, ku gano turkenta, ku ƙirga sau nawa mawaƙin ya ratsa ya dawo. Ku kawo amsa ga Ƙungiyar 'Yan Jarida kafin ranar Alhamis, za mu liƙa mafi kyau a wannan allo.