Amsoshin Tambayoyinku: Yawon Keke a Tuddan Ruwanda

Wani mai sauraronmu daga Damagaram ya tambaya: a ina cikin Afirka mutum zai tuƙa keke tsakanin tuddai da ƙauyuka, ba hayaniyar motoci?

To, Malam, mu dai Ruwanda za mu nuna maka. A Kigali aka yi gasar tseren keke ta duniya a Satumban 2025, karon farko a Afirka. Sai dai ka bar babban titin Kigali zuwa Musanze, manyan motoci sun yi masa yawa. Ka nufi yamma, bakin tafkin Kivu. Daga Karongi zuwa Rusizi kwalta ce mai kyau, sai hawa da gangara, ga gonakin shayi da na ayaba dama da hagu. Nan za ka ga manomi ya ɗaure damin ayaba a kekensa yana turawa, gumi sharkaf, yara kuma na bin ka da gudu.

Ka je tsakanin Yuni da Satumba, lokacin rani. Kekenka ya zama mai giya, kuma kafin kowace gangara ka taɓa birki, don kwanonin hanyar masu kaifi ne.