Kafin a Kai Tasawa: Shawarwari Kan Mummunan Rauni

Daga ƙauyukan Korgom zuwa asibitin Tasawa tafiya ce, balle da damina. Wanda gatari ya sara a gona ko babur ya kayar, ransa yana hannun waɗanda ke tsaye a kansa tun kafin likita ya gan shi.

1. A fara da wanda ya yi shiru. Idan amalanke ya kife da mutum uku, mai ihu dai yana numfashi. Wanda bai motsi da wanda jini ke tsartuwa daga jikinsa su ne a gaba.

2. Jini ba ya jira. Jinin babban mutum kimanin lita 5 ne, jijiya ɗaya kuwa tana iya zubar da shi cikin 'yan mintoci. A ninke rawani ko kallabi mai tsabta, a danne raunin da hannu biyu minti 10, ba ɗagawa, ba leƙawa. In ya jiƙe, a ƙara wani a kansa. Idan a hannu ne ko ƙafa kuma ya ƙi tsayawa, a ɗaure da ƙyalle mai faɗi, yatsu uku sama da raunin, ba a kan gwiwa ba, a sa sanda a murɗa har jinin ya tsaya. A riƙe lokacin da aka ɗaure, kada a kwance sai a gaban ma'aikacin lafiya. Ƙasa, toka, kashin shanu da man birki da ake zuba wa rauni, ina roƙo a bar su. Ta nan tetanus ke shiga.

3. Wanda ya suma yana numfashi, a kwantar da shi ta gefe. Kada a ɗura masa ruwa ko fura, zai shaƙe.

4. Wanda ya faɗo daga kuka ko cikin rijiya, a ɗauka wuyansa ya taɓu. Mutum ɗaya ya riƙe kai, a ɗora shi a ƙyaure ko katako. Kada a zaunar da shi a babur.

5. Ƙashin da ya huda fata, a rufe shi, a tallafe da sanduna. Asibiti tukuna, maɗori daga baya.

6. Saran kububuwa ba a ɗaure shi irin na gatari. Dafinta yana hana jini daskarewa, don haka tsaga da tsotsa ƙara ɓarna suke. A cire zobe da awarwaro, a hana gaɓar motsi, a nufi inda ake allurar dafi.

7. Ƙuna: ruwa mai sanyi, minti 20. Ban da mai, ban da ƙwai.

Maigida, yau ka ajiye lambar shugaban cibiyar lafiya (CSI) mafi kusa da ta mai mota ɗaya a wayarka, ka kuma sa wa uwargida a tata.