Darasin Lafiya: Yaushe Gwajin Ƙanjamau Ke Tabbata?

Idan maigida zai ƙaro aure, ki lallashe shi su yi gwajin ƙanjamau shi da amarya, domin lafiyarki ma tana ciki. Amma ki sani, gwajin jinin yatsa irin wanda ake yi a Babban Asibitin Dutse ba ya gano cutar nan take. Sai kwana 23 zuwa 90 bayan saduwar da aka ɗauke ta. Saboda haka ko an ce babu, a maimaita bayan wata uku, wato kusan tsawon iddar saki. In kuwa kina fargabar an shafa miki, garzaya asibiti kafin awa 72, akwai maganin kariya na kwana 28. Allah Ya tsare mana zuri'a, amin.